Zazzaɓin da aka ƙi tambayar asalinsa

Har yau ban manta da ranar da aka sauke Malam Isiyaku daga kan amalanke a ƙofar asibitinmu ba, mutum biyu na riƙe da shi. A lokacin ina musa'id ɗibbi a wani ƙaramin asibiti wajen Doka a yankin Gadarif, wato mataimakin likita. Mu ke duba masu ƙananan ciwo, mai nauyi mu miƙa wa daktor.

Malam Isiyaku manomi ne, yana noma dawa da riɗi, yana kuma kiwon awaki. Shekarunsa ba su wuce arba'in ba. Wata huɗu ke nan zazzaɓi na zo masa da yamma, gumi ya jiƙe masa riga, da safe ya sake shi. Yanzu kuma ƙugu ya riƙe, ba ya iya miƙewa.

Daktor ɗinmu sabon zuwa ne daga Hartum, farar rigarsa ko ƙura ba ta san ta ba. Cuta biyu ya sani a duniya: malariya da taifot. Sau uku ya ba mutumin nan maganin malariya, sau biyu na taifot. Ko kujera ba ya ba mara lafiya, yana rubutu tun mutum bai gama sallama ba. Ran nan ya ɗago kai ya ce da Larabci, "Kai ne kuma? Ba ka shan magani yadda aka ce."

Abin ya ci mini rai. Na ja Malam Isiyaku inuwa, na yi masa magana da Hausa.

"Malam, ya dabbobi?"

"Wallahi, Hakim," haka suke kiran mu ma'aikatan asibiti, "bana ba dama. Awakina uku sun yi ɓari. Ɗaya ma ni na sa hannu na jawo ɗan."

"Nononsu fa? Ana tafasawa?"

Matarsa Habiba ta kama baki. "Tafasawa? La, la! In ka ɗora nono a wuta hantsar akuya za ta ƙone, ta ƙafe halas, shi ke nan. Haka muka taras."

Nan na gane. Akwai cutar da muke kira maltiyya. Ƙwayar cuta ce da ke sa dabba ɓari, ta shiga mutum ta ɗanyen nono ko ta taɓa mahaifa da ɗan ɓari. In aka kama ta da wuri tana warkewa. In aka bar ta sai ta zauna a gaɓoɓi da ƙashin baya ta yi ta ci.

Na koma na ce, "Daktor, awakinsa sun yi ɓari, kuma ɗanyen nono suke sha. Ko za mu gwada maltiyya?"

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ya zol," wato kai mutumin nan, "kai likitan dabbobi ne? In akuya ba ta da lafiya a kai ta wurinsu. Nan mutane nake dubawa."

Mutane yake dubawa! Mutumin da bai taɓa tambayar mara lafiya sana'arsa ba. Na ce to. A ƙa'ida daktor ke rubuta gwaji, amma na ɗebi jinin da kaina, na sa kwalbar cikin kulan ƙanƙara, na ba wani direban lori ya kai ma'amal a Gadarif, wato ɗakin gwaji, inda abokina ke aiki. Bayan kwana uku takarda ta dawo: maltiyya ce.

Na ajiye ta kan teburinsa. Ya karanta, ko kunya babu, ya ce, "Dama tun farko na yi zarginta." Na ce haka ne, don ina da iyalin ciyarwa.

Muka fara magani: allura kullum sati uku, ƙwaya sati shida ba fashi. Na je gidansu na tafasa nono a gaban Habiba, na ce ta duba akuyarta gobe. Akuya lafiya lau. Muka gwada sauran mutanen gidan, 'yarsu babba ta kamu, ta sha magani ta warke sarai.

Shi ma zazzaɓin ya tafi, amma an makara. Cutar ta riga ta taɓa ƙashin baya. Malam Isiyaku bai ƙara riƙe fartanya ba.

Bayan girbi ya zo, a ranƙwafe, yana dogara sanda, wai zai yi wa daktor godiya. Ya tsaya bakin ƙofa yana ta sa masa albarka. Da ya fita, daktor ya juyo gare ni ya ce, "Wannan tsohon fa, wane ne?"

Ku da kuke farkon aikin asibiti, abin da na koya ke nan: a ƙasar makiyaya, ba ka gama duba mutum ba sai ka tambaye shi lafiyar dabbarsa da abin da ke ƙwaryarsa. Tambayar ba ta cin minti ɗaya. Rashinta ya ci wa mutum ɗan shekara arba'in bayansa, wanda ya ƙi yin ta kuwa ko fuskarsa bai riƙe ba.