Ƙuri'ar da Malam Hammadu Bai Jefa Ba

Aikin farko: kai wa Malam takardun zagaye na ƙarshe.

Abin da na rubuta ke nan a littafina da safiyar Talata, kamar yadda na saba rubuta aikin kowace rana kafin in fita. Tun ranar Litinin na buga labaran biyu a shagon da nake aiki, da manyan baƙaƙe saboda idonsa, na sa su a ambulan. Ina tsaye a bakin titi a Kumbiya-Kumbiya ina jiran keke sai wayata ta yi ƙara. Malama Rifkatu ce, abokiyar alƙalancinmu a gasar gajerun labarai.

Ta ce, "Malam Sa'idu, kana ina?"

Na ce, "Ga ni a hanya, unguwar Low-Cost za ni wurin Malam."



Ta ce, "To ka ƙarasa. Amma Baba ya rasu ɗazu bayan asuba."

Na yi salati, don Baba take ce wa Malam. Sannan na yi mata tambayar da kowa yake yi a garin nan a 'yan shekarun nan idan an ce wane ya rasu: "Wani abu ne ya tashi?" Ta ce babu abin da ya tashi, ƙirjinsa ne ya riƙe, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Na ce to. Keke ya zo na shiga. A shingen bincike sojan ya nuna ambulan ɗin ya tambayi abin da ke ciki. Na ce labarai ne. Ya buɗe, ya juya takardun, ya mayar mini. Da su a aljihuna na bi sallar jana'iza, da su na je maƙabarta, da su na dawo. Ban yi kuka ba ranar, har yanzu kuma ban yi ba. Na rubuta wannan ne don 'yan zaurenmu na intanet sun roƙa, ba don na san yadda ake rubuta irinsa ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba sai ta waya: Malam Hammadu Bappa tsohon malamin Hausa ne a makarantar sakandare, kuma ni ɗalibinsa ne tun ina aji uku. Bayan ya yi ritaya, lokacin da taro ya zama abin tsoro aka daina zaman marubuta na ranar Asabar, shi ya ce a buɗe zaure a intanet a riƙa gasar gajeren labari, kada ya wuce kalma ɗari uku. Mutumin da sai an nuna masa inda ake danna waya shi ya kawo shawarar. Ya ce idan ba za mu iya haɗuwa a ɗaki ɗaya ba, ai labaranmu za su iya.

Shi ya tsara dokokin, kuma ba su da yawa. Mai kula da zaure yana karɓar labarai, ya cire sunaye, ya sa wa kowanne lamba. Masu karatu su jefa ƙuri'arsu a fili. Alƙalai uku, wato shi da Malama Rifkatu da ni, kowa ya rubuta zaɓinsa da hannunsa a ɗakin alƙalai na zauren. Idan alƙalai suka yi kunnen doki, ƙuri'ar masu karatu ce ke raba gardama. Wanda ya ci a karanta labarinsa a rediyo. Doka ta ƙarshe ita ce ta fi ba mu wahala: duk wanda ya shiga gasar, ko na ƙarshe ya zo, sai an aika masa da jimla ɗaya ta abin da ya yi kyau a labarinsa.

Akwai zagayen da wani ya aiko da labarin da na karanta sau uku ban ga kansa ba ban ga ƙafarsa ba. Na ce, "Malam, wannan fa babu abin yabo a cikinsa." Ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa. Can ya ce, "Akuyar nan da ta shigo a layi na biyar, ta yi kama da akuya. Rubuta masa haka." Na rubuta. Mutumin yana cikin zauren har yau, kuma rubutunsa ya gyaru.

Ba ya yin hukunci kafin ya ci abinci. Yakan ce mai jin yunwa kowane labari tsawo yake masa. Ba ya yarda da karatun ido kaɗai. Sai an karanta masa da baki, ko ya karanta wa kansa a bayyane a kan bencin ƙofar gidansa, masu wucewa suna kallonsa. Yakan ce, "Ido yana tsallake rami, baki ne ke faɗawa." Idan aka samu labarin da Hausarsa ta nuna marubucin da Kanuri ko Tera ko Tangale ya tashi, ba ya bari mu rage masa maki saboda "ya" da "ta" sun sauya wuri. Ya ce mu kanmu nan Gombe wa ya isa ya ce Hausarsa ba ta da gauraye, balle shi kansa da yake mafarki da Fulatanci?

Ni kuwa ya san halina. Nakan rubuta zaɓina in goge, in sake rubutawa. Wata rana ya ce mini, "Sa'idu, kai idan aka ba ka tuwo biyu ka zaɓa, sai sun huce duka." Malama Rifkatu ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga ranar take kirana Mai Tuwo idan na yi jinkiri. Bai taɓa ce mini in daina shakka ba. Abin da yake cewa shi ne in yi shakkar da wuri, in gama kafin ranar sanarwa.

Yanzu ga maganar da ta sa sanarwar wannan zagaye ta yi jinkiri, don 'yan zaure suna da haƙƙin sani.

Labari biyu ne suka kai ƙarshe. Lamba huɗu na wani mutum ne da ya saba sauka daga babur yana turawa a kowane shinge, har ranar da ya ɗauko surukinsa ya hango igiyar shanya a ƙofar gida ya zaci ta shinge ce, ya sauke tsohon, suka tura babur ɗin tare hannuwa a sama. Masu karatu sun so shi ƙwarai, ƙuri'arsa ta fi ta kowa nesa ba kusa ba. Lamba tara na wata mata ce da ta gudo daga garinsu ta sauka a ɗakin haya. Kullum idan za ta ɗora tukunya sai hannunta ya auna abincin mutanen gidansu na da, alhali yanzu ita da 'ya'ya biyu suka rage. Abincin yana saura, tana raba wa maƙwabta, su kuma suna ta yabon kyautarta. Hausar labarin tana tuntuɓe a wurare da yawa. Mutane kaɗan ne suka zaɓe shi.

Ranar Lahadi bayan la'asar na karanta wa Malam su biyun daga wayata, muna zaune a kan benci. Na gama karanta lamba tara. Sannan ya ce, "Wanda ya rubuta wannan bai ƙaga shi ba, hannunsa ya sani. Ban ji wanda ya kai shi ba a bana." Daga nan ya ce in buga masa su a takarda, yana so ya sake karantawa da bakinsa kafin ya rubuta zaɓinsa. Takardun da na ɗauko ke nan ranar Talata.

Malama Rifkatu ta riga ta zaɓi lamba huɗu. Ni lamba tara na zaɓa. Ƙuri'ar Malam ce za ta raba, kuma ba ta shiga ba. Idan aka bar ta haka, kunnen doki ne, masu karatu su ba lamba huɗu. Idan na ce ga abin da Malam ya faɗa, lamba tara ta ci. Ni kaɗai na ji shi.

Ranar sadakar uku muka haɗu da Malama Rifkatu a ƙarƙashin rumfar da aka kafa a ƙofar gidan. Na gaya mata komai.

Ta ce, "To me kake jira? Ka rubuta abin da Baba ya ce, a wuce wurin. Ni ba zan yi maka musu ba."

Na ce, "Bai rubuta ba, Malama."

"Ai mutuwa ce ta hana shi, ba ƙi ya yi ba. Ka ga, ni na huɗu na zaɓa, kuma ina nan a kan bakana, mutanen garin nan suna bukatar abin da zai ba su dariya. Amma idan Baba tara ya ce, tara ce. Ko kana tsoron a ce ka yi ƙarya?"

"Ina tsoron abin da ya faɗa ya zo daidai da abin da nake so."

Ta dube ni ta girgiza kai. "Mai Tuwo, har a nan ma?"

Abin da ke raina shi ne wata magana da ya sha faɗa mana idan muka ce ai jiya ba haka ya ce ba: "Maganar benci hira ce. Hukunci sai na rubuta." Na ga ya yabi labari ranar Lahadi ya kuma zaɓi wani ranar Laraba, ba sau ɗaya ba. Amma kuma ban taɓa jin ya ce wa wani labari "ban ji wanda ya kai shi ba." Na kwana biyu ina juya abin, duk ɓangaren da na tsaya sai in ga ɗayan ya fi gaskiya.

Jiya na shiga cikin gida in gaida Goggo Dija, matarsa, in kuma ba ta ambulan ɗin, don ban san wanda zan ba ba. Tana zaune a kan tabarma cikin takaba. Ta karɓa ta riƙe a cinyarta.

Ta ce, "Sa'idu, na mai babur ɗin nan yana ciki?"

Na ce, "Yana ciki, Goggo. Ya ba ki labarinsa ne?"

"Ranar Litinin da hantsi. Yana ba ni yana dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na ba shi ruwa. Ya ce yaron nan shaiɗani ne, ya san inda ake tsayar da labari." Ta shafa ambulan ɗin. "Da yamma kuma ina auna shinkafa ya tsaya a kaina yana kallo. Ya ce, Dija, idan muka ragu hannunki zai iya rage awo? Na ce wace irin magana ce wannan da magariba."

Na tambaye ta ko ya faɗa mata wanda zai zaɓa. Ta ce a'a, cewa ya yi sai Sa'idu ya kawo takardu. Har na miƙe zan fita ta ce, "Yau da safe na dama kunu, sai da na zuba a kofinsa sannan na tuna."

Daga nan na san ba zan iya jefa masa ƙuri'a ba. Har ranar Litinin labaran biyu suna tare da shi, ɗaya da hantsi ɗaya da yamma, kuma bai gama ba. Ba ni da ikon gama masa. Na kira Malama Rifkatu na gaya mata, ta ce ta ji, kuma ta yarda in rubuta duk wannan a fili.

Saboda haka gurbin Malam zai zauna babu komai. Alƙalai sun yi kunnen doki, dokar da shi ya kafa ta ba lamba huɗu. Mai lamba huɗu, nasararka halal ce, babu wanda ya yi maka alfarma, kuma ka sani kai ka ba shi dariyarsa ta ƙarshe da aka shaida. Mai lamba tara, ban san ko ke wace ce ba, ko kai wane ne. A wurin zaman makoki na yi ta kallon fuskokin baƙin da ban sani ba ina tunanin ko kina cikinsu. Ba za a karanta labarinki a rediyo ba, kuma da hannuna a cikin hakan. Jimlar da za a aiko miki ba tawa ba ce. Tasa ce, yadda ya faɗe ta a kan benci, ba zan ƙara ko wasali ba.

Allah Ya jiƙan Malam Hammadu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ya huta. Yadda ya nemi abin yabo a aikin kowa, Allah Ya dubi kyawawan ayyukansa Ya rufe sauran. Allah Ya ba Goggo Dija da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin rashinsa, Ya zama gatansu. Allah Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu gida, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Ayyukan gobe, in Allah Ya kai mu:

Sanar da sakamako a zaure bayan na karya.
Aika wa lamba tara jimlarta.
Sauran labarai shida da Malam bai kai ga rubuta wa jimla ba. In karanta su da baki.
Mayar wa Goggo Dija tabaransa, yana shagonmu tun da aka ce a gyara ƙafarsa.
Tambayar Malama Rifkatu wa zai zauna a gurbi na uku. Ko a bari tukuna.