Taisiya Makarovna, Wadda Ta Nemo Mai Jan Tauraro

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, ko da ƙanƙara ta kai gwiwa, za ka tarar da Taisiya Makarovna Lapshina a tashar mota ta unguwarsu a Podolsk, rungume da tsohuwar jakarta ta fata. A ciki akwai madubin ƙara girman rubutu, da fensir biyu, da baƙin burodi, da gorar shayi. Kafin a buɗe ɗakin karatu na gidan ajiyar takardun soja, ta riga kowa tsayawa a bakin ƙofa.

"Taisiya Makarovna, yau kuma wa za a tono?" in ji Yefim Savelyich mai gadi.

"Wanda ya fi ka amfani, Yefim Savelyich. Buɗe mana, ƙafafuna sun daskare."

Shekara talatin da ɗaya ke nan suna wannan gaisuwa. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, don idanu sun ce sun gaji. To wallahi ba za mu bari ta tafi shiru ba!

Lambobin yabon da aka ba sojojinmu a lokacin babban yaƙin duniya na biyu, da yawansu akwai alƙaluma da aka zana a bayansu. Yau sun watsu a duniya, suna kwance a akwatunan masu tara kayan tarihi. Mutum zai sayi ɗaya a kasuwar tsofaffin kaya, ya aiko mata da alƙaluman, ita kuma ta bi takarda bayan takarda har ta gano ƙirjin da aka maƙala wa. Kowa ya zo, abu ɗaya take gaya masa: "Ƙarfen yana hannunka, ba ruwana da shi. Ni mutumin nake nema."

Labarin da ya fi zama a bakinmu shi ne na Wibren Hukstra, wani tsohon malamin makaranta ɗan ƙasar Holan. Jan Tauraro ne, ɗaya daga cikin lambobin yabon nan, ya faɗo hannunsa, gefe ɗaya ya ɓare, an ce wani manomi ne ya tono shi da garma a Polan. Cikin mako biyu Taisiya ta samo takardar. Sajan Nikolai Galiev, mai jan wayar sadarwa, ya tsallaka kogi sau uku ana ruwan wuta, da waya a haƙoransa. Wata takardar kuma ta ce an kashe shi a farkon shekarar ƙarshe ta yaƙi.

Da wani ne, nan zai rufe fayil ya aika da amsa. Ita sai ta tsaya a kan layi ɗaya, inda aka rubuta sunan mahaifiya: Bibinur.

"Bibinur ba ta haifi Nikolai ba," ta ce wa matar da ke zaune kusa da ita. "Wannan yaron ɗan ƙabilar Tatar ne. Wani akawun bataliya ne sunan ya yi wa nauyi a baki, ya raɗa masa nasa."

Ta koma kan jerin sunayen asibitocin soja, wata huɗu tana bi da ɗan yatsa. Ran nan sai ga shi: Nurgali Galiev, ƙauyen Akkul, uwa Bibinur, an sallame shi da rauni a ƙirji da ƙafa. Bai mutu ba! Ta fita baranda, ta buga waya gidan wasiƙun ƙauyen, ko za a dace da ɗa ko jika.

"Kaka Nurgali?" in ji matar da ta ɗauka. "Ai ga shi can yana zagin awakin maƙwabta. In kira miki shi?"

Waɗanda ke ɗakin karatu ran nan har yau suna ba da labari. Wurin da ko tari mutum ya yi sai an harare shi, sai ga dattijuwa ta banko ƙofa tana ihu: "Yana da rai! Jama'a, yana da rai!" Yefim Savelyich ya sheƙo da gudu, ya ɗauka gobara ce.

Ashe ranar da aka harbe shi, ma'aikatan jinya sun yanke rigarsa suka yar a gona, tauraron na jikinta. Ya koma gida ba tauraro, ba takarda, kuma duk inda ya rubuta sai a ce ba su da wani Nurgali a jerin masu yabo. Shekara saba'in yana cewa an ba shi, ƙauye na yi masa dariya. Har ta kai in yaro ya shara ƙarya sai a ce masa ya je ya nemo tauraron Nurgali.

Ta buga waya ta gaya wa Wibren. Tauraron nan shi ne abin da ya fi so a cikin duk kayansa.

"Wibren," ta ce, "kai shekara takwas ka yi da shi. Shi saba'in ya yi yana jira. Ni dai na faɗa maka, sauran kuma ya rage naka."

Bayan mako uku suna cikin jirgin ƙasa tare. Ƙauyen Akkul kaf ya taru a tsakar gidan, an gasa dinya, an jera shayi da zuma. Tsoho mai shekara casa'in da ɗaya ya fito yana dogara sanda. Wibren ya buɗe ɗan akwati, amma kafin ya miƙa, tsohon ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗana. Juya bayansa, ka duba."

Ya karanto alƙaluman nan shida da ka, ɗaya bayan ɗaya, bai yi tuntuɓe ba. Wibren ya gyaɗa kai, hawaye na zubo masa. Sai tsoho ya waiwaya wajen maƙwabcinsa Minnulla, wanda ya fi kowa yi masa tsiya.

"Minnulla! Sa tabarau, matso kusa. Ko in aiko maka da shi gida ka kwana kana kallo?"

Minnulla ya sunkuyar da kai. "Yaya Nurgali, ka yafe mini."

"Zan yi tunani. Zuba mini shayi tukuna."

Tsakar gida ta kece da dariya da tafi. Ana ta ɗaukar hoton Wibren da tsoho, ita kuwa wadda ta haɗa su tana can gefe tana taya mata wanke kofuna.

Taisiya Makarovna, ke ce mai haƙurin bin layi ɗaya wata huɗu. Ke ce ba ki taɓa ƙara wa mamaci jarumtar da bai yi ba don ki faranta wa mai tambaya, ba ki kuma rage masa ba. Mun ga ranakun da kika fito da jan ido, don wanda kika samo ɗan shekara goma sha takwas ne, kuma ba sauran kowa nasa da za a gaya wa. Duk da haka kin rubuta sunansa daidai, kin aika, don ko mutum ɗaya ya san shi. Uwar marasa suna, mun gode. Allah Ya ƙara wa idanun nan lafiya.

Ku kuma masu karatu, ku buɗe akwatunan kakanninku, ku juya abin da kuka samu ku duba bayansa. Ku tambayi tsofaffinku tun suna iya amsawa, kuma in sun ba ku labari kada ku yi dariya.

Mun tambaye ta ko ta gama. Ta harare mu.

"Gamawa? Akwai lambobin yabo goma sha huɗu da suka gagare ni. Na rubuta su da manyan baƙi a takarda. Mai sauran ido ya zo ya karɓa."

Gidanta yana hawa na uku, ƙofa ta hagu. Ku ƙwanƙwasa da ƙarfi.