A Ƙarƙashin Badujala

A yau duk mai waya mai ɗaukar sauti ne. Ya ɗaga ta sama daga inda yake tsaye, abin da ya shiga ya shiga. A zamaninmu rikoda ta kai nauyin ɗan tunkiya, makirfo kuwa sai ka zaɓa, ka san inda za ka kafa shi, don kunnen da ka ba na'ura shi ne kunnen duk wanda zai saurara a bayanka.

Ina aikin ɗaukar sauti a wani gidan rediyo lokacin da kuɗin mai suka fara malala. Aka turo ni gida Kazaure in ɗauko faretin 'yan makaranta na tunawa da samun 'yanci. Mai buga musu badujala wani dattijo ne mutumin Gwiwa, tsohon ɗan doka. Da aka rushe aikin 'yan doka ya ajiye jar dara, amma bai ajiye gangarsa ba. Wannan kuma shi ne faretinsa na ƙarshe, don an riga an sauke sababbin ganguna masu fatar roba a ofis, ana jiran a raba wa makarantu.

Badujala fuska biyu gare ta. Ta sama ita ke shan sanda. Ta ƙasa an gitta mata wayoyi, su ke ba da wannan tsartsatsin da ke sa ƙafa ta ɗagu. Wayoyin gangar dattijon sun daɗe da tsinkewa, sai ya murza hanjin akuya ya busar ya maye gurbinsu, fatar kuma yakan zaɓo ta da kansa a kasuwar Babura. Na ji badujala a Damagaram, na ji ta sojojin Hartum, na zauna a ɗakin ɗaukar sauti a Ingila inda ake kafa mata makirfo sama da ƙasa. Tasu duk kaifi ne, kamar ana yaga kwano. Tasa raɗa take yi, kamar ana sheƙar gero daga ƙwarya zuwa ƙwarya.

Makirfo biyu ne a jakata. Akwai gajere mai nauyi, wanda ko ya faɗi ba abin da ke samun sa. Akwai siriri mai cin batir, wanda ke jin numfashin mutum, an kuma gargaɗe ni kada ya kusanci ƙasa. Da hantsi, kafin jama'a su cika filin, na gwada gajeren a gefen gangar. Bugun ya shiga, dum dum, amma raɗar ta ɓace. Sai na san siririn ne kawai zai kama ta, kuma daga ƙasa, kamar taƙi guda da hanjin, a ɗan karkace don kada bugun ya toshe shi. Matsalar ita ce sandar kafa makirfo ba ta sauka haka. Gangar na rataye a ƙugun dattijon. Sai dai mutum ya kwanta a gabansa ya riƙe da hannu.

Na ce, "Baba, zan kwanta nan ƙarƙashinka."

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Ɗan malam, ni a kashe ni kake so? Jikan limamin Roni a ƙafafun makaɗi? Gobe a ce asiri na yi maka."

"In an tambaya, ka ce na'ura ce ta yi."

"To, in na take ka kada ka kai ni gidan alkali. Ni ba na duban ƙasa in ina aiki."

Baffana, ƙanin mahaifina, ya zo daga Roni, yana zaune a rumfar manya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Tun ina ƙarami tabarmarsa ce wurin zamana in ana karatu, ko da na girma na shiga duniya, in na dawo sai ya matsa mini a kanta. Aikin rediyon ya haɗiye shi da ƙyar. Da ya hango ni ina naɗe hannun riga ina shimfiɗa buhu, ya aiko a kira ni.

Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa ba. Ya juya zuwa Fulatanci, don kada na kusa su ji.

"Me kake shirin yi?"

"Allah gafarta Malam, aikina."

"Aikinka kwanciya a gaban mai kiɗa? Ubanka ko a gaban sarki bai faɗi ba."

"Ba shi zan faɗa wa ba, Baffa. Sauti ne a ƙasan gangar, daga yau kuma ba za a ƙara jin sa ba."

"In ba a ji ba, wa zai mutu?"

Na ce babu. Ya ce to in tsaya da ƙafafuna kamar ɗan mutane, in kuwa na kwanta, in san tabarmar da na zaɓa.

Na yi tunanin Baturen da ya koya mini aikin a Ingila, da furfurarsa yana rarrafe a ƙarƙashin ganguna, ba wanda ya ce darajarsa ta zube. Amma ban kawo wa Baffa wannan ba, don ba shi ne dalilina ba. Dalilina shi ne, da wannan raɗar na koyi taka ƙafa a wannan filin, ni da duk sa'o'ina, kuma ban ga wanda ya isa ya ce mini ba ta kai a adana ta ba. Na ce, "A yi mini afuwa," na tashi.

Na kwanta a gefena, kunnena ɗaya a abin sauraro, hannuna a miƙe da siririn makirfon. Na ji wata mata daga cikin 'yan kallo tana cewa, "Ikon Allah, boko ya gama da wannan." Aka yi dariya. Dattijon ya ɗaga sandunansa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Riƙe da kyau, ɗan malam, yau zan ba ka har da na gobe."

Ya sake su. Allurar rikoda ta yi tsalle, na karkata hannu kaɗan, ta daidaita. Sai ga geron nan yana zuba cikin kunnena, kowace ƙwaya daban. Guminsa na ɗiga a wuyana, kafaɗata ta mutu, ban motsa ba har layin ƙarshe ya wuce. Da na miƙe na duba rumfa, kujerar Baffa ba kowa.

An sa faifan a rediyo, aka yi ta buɗe wani shiri da shi shekara da shekaru. Dattijon ya koma Gwiwa ya kama noma. Ban taɓa nadamar kwanciyar nan ba, kuma da za a maimaita, da siririn makirfon zan sake kwanciya.

Baffa ya ci gaba da amsa gaisuwata har ya bar duniya, amma bai ƙara matsa mini a tabarmarsa ba. Makarantun ƙasar Kazaure kuwa tun daga ranar nan, gangar roba suke bugawa.