Adireshin Anti Luba

Duk wanda ya sauka Landan daga Zariya a 'yan shekarun nan, kafin ya san lambar bas ɗin da ke bi ta Old Kent Road ya haddace adireshin Anti Luba. Hawa na huɗu, koriyar ƙofa, flat mai ɗaki biyu na council, wato ƙaramar hukuma. Ita mai dafa abinci ce a wata makarantar firamare, ta fita da sassafe, ta dawo bayan azahar da ƙamshin dankali a mayafinta. Shekara tara ke nan da rasuwar mijinta. Ɗanta ɗaya, Fa'iz, yana aiki a Manchester.

Abin ya faro ne daga Masawudu, direban bas, tun yana sabon zuwa, yau ya kwana nan gobe can. Banki suka ce sai ya kawo adireshi.

"Rubuta nawa," in ji ta. "Adireshi ai ba gishiri ba ne, balle ya ƙare."

Daga shi sai ƙaninsa, sai wata 'yar makwabciyarsu ta Tudun Wada, sai wanda aka haɗo da lambar wayarta kawai. Wasiƙun banki, na likita, na lasisin tuƙi, duk ƙofarta suke faɗowa. Ba ta ma duba sunan da ke jiki, sai ta jefa su cikin wata tsohuwar langa a kan firji. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci masu wasiƙun su zo, su tuɓe takalma a bakin ƙofa, kowa ya tona langa ya ɗauki tasa, a ci tuwon shinkafa da miyar taushe. Ba wanda ya taɓa kwana. Kafin magariba gidan ya koma daga ita sai ƙarar firji.

Saboda zaman kaɗaicin nan ne council ke rage mata kashi ɗaya cikin huɗu na harajin gida.

"A garin da yayana yake a Amurka," in ji Masawudu wata Juma'ar, bakinsa cike da tuwo, "wai a kan sayayya suke ɗora wani abu, a rage wa mutane harajin gida."

"Su sun huta," ta ce. "Mai sayar da tumatir ba ya tambayar mutum nawa ke kwana a ɗakinka. Ci ka ba wasu wuri, kai sai ka ce rami."

Aka yi dariya. A lokacin wata wasiƙa daga council ta riga ta yi mako biyu a cikin langa.

Zaratu ce ta tsinto ta, wata nas da ba ta daɗe da zuwa ba, tana neman tata. "Anti, wannan ai taki ce. Har biyu ma."

Anti Luba ta juya ambulan ɗin. Ta manta rabon da ta ga sunanta a jikin takarda. Ta farko tambaya ce: bayanansu sun nuna manya goma sha ɗaya a wannan adireshi, ta yi bayani. Ta biyu ta ce tunda ba a amsa ba, jami'i zai zo ranar Juma'a mai zuwa, ƙarfe huɗu.

Ta ɗauki hoton takardun ta tura wa Fa'iz. Nan da nan ya kira.

"Mum, ba maganar ragi ba ce kawai. Za su ɗauka haya kike ba mutane a flat ɗinsu. A kan wannan ƙwace gida suke yi."

"Ni? Haya? Ko ruwan sha ban taɓa sayar wa ɗan kowa ba."

"Na sani. Su ba su sani ba. Ki kira su duka, ki ce kada wanda ya zo ranar. Please, Mum."

Ta duba bangon falon. Ga inda mijinta ya buga ƙusa ya rataye agogo a karkace, ta hana kowa gyarawa. Ta ce, "To."

Ranar Laraba da ta dawo daga aiki ta zauna da waya. Masawudu ta fara kira.

"Anti! Allah ya ja da ranki. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Ya aiki? Ya ƙafar taka?"

"Da sauƙi. Jibi dai taushe ce ko kuka?"

A gidan da ta tashi, ko maƙiyinka ne ba ka ce masa kada ya zo. Kakarta ta taɓa marinta don kawai ta tambayi baƙo yaushe zai tafi.

"Taushe," ta ce.

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta gaishe su, ta tambayi iyayensu na gida, ta ajiye. Zaratu kaɗai ta san abin da ake ciki, ita kuma ta ce, "Anti, ko ni in gaya musu?"

"A ce Luba ta aiko a kori mutane? Bar shi."

Ranar Juma'a ta ɗora tukunya kamar kullum. Ta yi tunanin rage shinkafar, hannunta ya auna yadda ya saba. Ƙarfe uku suka fara hawowa. Zaratu ba ta zo ba, amma Masawudu ya zo da wani sabon baƙo, jakarsa ko alamar jirgi ba a cire mata ba, wai shi ma banki sun ce sai da adireshi.

Huɗu saura minti biyu aka buga ƙofa. Bugu biyu, ba sallama.

Wata mata ce sanye da doguwar kwat, katin council rataye a wuyanta. Ba fuskar Anti Luba ta fara kallo ba. Ƙasa ta kalla, inda takalma suka jeru tun daga bakin ƙofa har gindin matakala, leɓɓanta na motsi a hankali. Daga falo ana jin cokula da dariyar maza, wani yana cewa a miƙo masa langar nan ya ga ko tasa ta iso.

Anti Luba ta gyara mayafi, ta buɗe ƙofar gaba ɗaya.

"Sannu da zuwa," ta ce. "Masawudu, tashi ka ba baƙuwa kujera. A kawo mata ruwa."

Matar ta gama ƙirga, ta rubuta wani abu. Sannan ta tsallake takalman ta shigo, ba ta tuɓe nata ba.