Faɗin Babban Yatsan Baba

Shagonmu a Gure ɗaki ɗaya ne da rumfa, amma sana'a biyu ke ciki, kuma ba su cika jituwa ba. Ta farko ta Baba ce. Kakanmu fartanya da gatari ya ƙera har ya koma ga Allah. Da ginin siminti ya shigo gari, Baba ya ga magina suna kokawa da sandunan ƙarfe a gindin bishiya, sai ya ƙera musu malanƙwashi: farantin ƙarfe mai kauri, da turaku biyu a tsaye, da dogon hannu. A sa sanda tsakanin turakun, a ja hannun, ta lanƙwashe daidai. Har daga Kelle da Gidigir ake zuwa saye.

Ta biyu tawa ce. Na dawo daga lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram da ilimin lantarki, da girman kan da ya fi ilimin yawa. Ina haɗa ƙananan akwatunan cajin waya da sola, makiyayan Alakoss suna kwasa ran kasuwa. Baba yana kiran wurina teburin tela, wai duk aikin da ba ya sa gumi ɗinki ne.

Shekarar da ciwo ya kwantar da shi, wutar rumfa ta mutu wata huɗu. Na ji ana cewa a majalisa ƙira ta ƙare a gidanmu, ɗan ya zama mai gyaran rediyo. Maganar ta ƙona mini rai, don akwai gaskiya a cikinta. Saboda haka da wani babban magini ya zo neman malanƙwashi shida, ban ko shawarci kowa ba na ce ya dawo bayan sati.

Na ɗauko tsohon malanƙwashin da Baba ya fi ji da shi, na sa metir na auna komai, har ratar da ke tsakanin turakun. Na ce a raina, abin da tsoho ke yi da ido, ni da lissafi zan yi shi. Na ƙera shida, kamar an tsaga kara.

Kwana uku maginin ya dawo da su a amalanke, ya zube mini a ƙofa.

"Ɗan maƙera, sanda zamewa take, kwanar ba ta fita," ya ce. "Na babanka ba su taɓa yi mini haka ba."

Na sake aunawa, na sake ƙera ɗaya, sanda ta sake zamewa. Ni da taurin kai, sai da na ɓata na uku kafin na ɗauki abin na shiga ɗakin Baba, kunya kamar ta kashe ni.

"Wanne ka auna?" ya tambaye ni daga kwance.

"Tsohon naka, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Wannan ai ya shekara ashirin yana cin ƙarfe, ƙarfe yana cinsa. Tsufansa ka auna. Ratar gaskiya babban yatsa ce, ya shiga da ƙyar. Kawo in nuna maka."

Ya sa yatsansa tsakanin turakun. Yatsan ya yi ta yawo a ciki, ba don faɗin ratar kaɗai ba, ciwo ya cinye naman. Baba ya daɗe yana kallonsa. Tsoro ya kama ni sosai, don ma'aunin nan ba a rubuta shi ko'ina ba, a hannunsa kawai yake.

Can sai ya kamo hannuna na dama, ya murza babban yatsana, ya juya shi, ya gwada da nasa.

"Sati biyu da suka wuce da ban yarda ba," ya ce. "Amma guduma ta fara faɗaɗa shi. Je ka matse turakun har ya shiga da ƙyar."

Na hura wuta a ranar. Shidan nan har yau suna aiki. Baba bai sake fitowa rumfa ba, ya rasu kafin damina. Akwatunan caji ina nan ina haɗa su da metir da lissafi, amma duk malanƙwashin da zai bar shagon nan sai na sa masa yatsana tukuna.