Shirun da Ya Ci Idanun Yasir

Cikin duk ranakun da na yi a sashen gaggawa, akwai wata Asabar da har gobe ba ta sake ni ba. Faisal ne ya tono min ita ɗazu a wurin shan shayi. Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne sabon nas ɗinmu da ya yi karatu a Amurka, kuma tun da ya dawo ba a gama hira bai ce "a can" ba. Ya ce a can sai mutum ya cika ashirin da ɗaya ake sayar masa da giya, amma wasu na ta jayayya a sauko da shekarun zuwa sha takwas, wai in aka bar matasa suka saya a fili, ba za su laɓe su sha guba ba. Ya nemi ra'ayina. Na ce masa ni ɗan unguwar Nuzla ne a nan Jidda, inda ko ɗan shekara tamanin ba shi da kantin da zai je, to ina ni ina lissafin shekaru? Amma tunda yau zan ajiye farar riga, bari in ba ku labarin.

A lokacin ni ne babban nas a teburin tantancewa. Duk wanda ya shigo, ni zan fara ganinsa, in auna numfashi da bugun zuciya, in yi tambayoyi, in yanke ko ya jira ko a wuce da shi ciki nan take. An fi ajiye ni a nan saboda ina jin Hausa da Larabci, kuma rabin Nuzla sun san gidanmu.

Da hantsin Asabar ɗin Ammi Haruna, wato Baffa Haruna, ya shigo riƙe da hannun ɗansa. Abokin mahaifina ne, tare suka yi dako a tashar jiragen ruwa har bayansu ya ƙi. Mutum ne na sahun farko a masallaci, mai tsare gida, in ya karyo kwanar layi sai ka ga samari na ɓoye sigari. Yasir ne ɗansa na fari, shekararsa sha tara, yana aiki a wani sito a Madinar Masana'antu. Duk da a Jidda aka haifi Ammi Haruna, bai yar da kunyar ɗan fari ta kakanninmu ba. Ban taɓa jin sunan Yasir a bakinsa ba, sai dai "yaron nan", kuma ba ya zama hira da shi yadda yake yi da ƙannensa.

Duk tambayar da na yi wa Yasir, uban ne ke amsawa. Ya ce tun safiyar Juma'a yake amai da ciwon ciki da ciwon kai. Sun ɗauka kifin da ya ci da abokansa ranar Alhamis ne. An ba shi zamzam, an ba shi zuma da habbatussauda, shi da kansa ya yi masa tofi. Yau kuma ya tashi yana cewa gani yake kamar an zuba masa madara a ido. Yasir dai kansa na ƙasa, yana jan numfashi da sauri kamar wanda ya hau bene da buhu.

Numfashin nan da maganar idon suka nuna min ba kifi ba ne. Na sa aka wuce da shi ciki, na kira Dakta Usman, likitan da ke kan aiki, ɗan Sudan. Ya haska idon, ya duba gwajin jini, ya ja ni gefe ya ce yana zargin giyar ɓoye ce. Masu dafa ta a lungu sukan gauraya ta da wani sinadarin masana'anta, su ɗura a gorar ruwa su sayar. Ba ta nuna sharrinta a ranar. Sai jiki ya sarrafa ta ta zama guba, ta faɗa wa jijiyar ido. Akwai maganin da ke tare ta, akwai wankin jini, amma duk aikinsu da wuri ne. Ya ce zai fara magani bisa zargi, ni kuma in samo masa gaskiya: me aka sha, yaushe, su wa suka sha.

Na ce wa Ammi Haruna ƙa'idar asibiti ce a tambayi majiyyaci shi kaɗai. Ya kalle ni kamar na zage shi, ya ce yanzu shi zan kora, ni Sani da aka raɗa wa suna a gabansa? Na ba shi haƙuri, ya fita ransa a ɓace. Na ja labule na zauna a bakin gadon.

"Yasir, ni ba shurɗa ba ne da zan kama ka, ba kuma liman ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Me ka sha ranar Alhamis?"

Ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Ya Ammi, ka rantse Abuya ba zai ji ba."

Mahaifinsa yake nufi. Na ce masa a dokar aikinmu ya kai shekarun da sirrinsa nasa ne, ban da likita ba wanda zai ji daga bakina. Sannan ya faɗa. Karonsa na farko ke nan. Abokan aikinsa ne su biyu suka ja shi wani gidan shaƙatawa a bayan gari, suka yi ta tsokanarsa wai har yanzu yaron Baba ne, ya karɓa don ya rufe musu baki. Tun da amai ya fara ya san daga ina abin yake. Na ji haushinsa ƙwarai, na tambaye shi me ya hana shi sulalewa ya zo shi kaɗai, ga asibiti kusa.

"Abuya bai tashi daga wurina ba, sai da ya je Juma'a ya dawo," in ji shi. "Tun da nake bai taɓa zama kusa da ni haka ba. Hannunsa na kaina yana min addu'a. Kef, ta yaya zan ce masa, ya Ammi? Wallahi na gwammace in mutu."

Haushin nan ya bi ruwa, sai tausayi ya rufe ni. Na tashi na kai wa likita bayani.

Aka ɗora shi a injin wankin jini, aka nemi abokan nan biyu. Ɗaya ya iso da sauran kwana, ɗayan kuwa an riga an kai shi wani asibiti, kuma can ya cika. Yasir ya rayu, amma idanun sun tafi. Dakta Usman ya ce min da ranar Juma'ar ya zo, wataƙila da an ceto su. Ban so ya faɗa min ba.

Ni dai na riƙe alkawari, sai dai zancen duniya ba ya ɓuya. Tun a wurin jana'izar abokin labari ya zagaye Nuzla. Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, na iske Ammi Haruna tsaye a ƙofar ɗakin da aka kwantar da ɗansa ya kasa shiga. Na shirya wa faɗa, sai na ga tsoho ya ƙanƙance a cikin rigarsa. Bai tambaye ni abin da aka sha ba.

"Sani, tun yaushe ya san abin da ke cinsa?"

Na kau da kai, shi kuwa ya gane amsar.

"Ke nan ina ba shi zamzam, shi yana kallona, idonsa na tafiya. Ba hukuma ya ji tsoro ba. Ni ya ji tsoro."

Ya share fuskarsa da bakin ghutra, ƙyallen da ke kansa, ya tura ƙofa. Yasir ya ji motsi, ya ɗago yana juya kai, bai san wanda ya shigo ba, bai san ta ina zai fuskanta ba. Ammi Haruna ya buɗe baki zai ce "yaron nan" kamar kullum, sai ya tsaya.

"Yasir," ya ce. "Ni ne. Ga ni ta damanka."

Na fita na bar su, don ba a koya mana kuka a gaban majiyyaci ba.

To Faisal, ga ra'ayina. Giya haram ce a sha takwas, haram ce a tamanin, kuma ba na fatan ganin kantinta a layinmu. Abokan aikinmu da suka zo daga ƙasashen da ake sayar da ita sun ba ni labarin samarin da ake kwaso musu daga hatsarin mota, don haka kar ka ce min sauko da shekaru magani ne. Amma rabin maganarka gaskiya ce, ko da ba na son amsa ta: ɓuya na kisa. A sha tara Yasir ya isa ɗaukar buhu, ya isa sa hannu a wanke masa jini, amma bai isa ya dubi ubansa ya ce na yi kuskure ba.

Ku da za ku gaji teburin nan, in saurayi ya shigo uba na amsa masa tambaya, ku fitar da uban ko da zai ƙi gaishe ku shekara guda. Ku tambayi yaron ba tare da ɗaure fuska ba, wa'azi yana da ranarsa. Mutanenmu sun fi tsoron kunya a kan ciwo, kuma wannan ba ya fitowa a gwajin jini.

Har yanzu nakan gan su a Nuzla in an kira Magariba. Tsohon na gaba, hannun Yasir na kafaɗarsa, duk inda akwai rami sai ka ji shi: "Yasir, a hankali. Yasir, ɗaga ƙafa." Yanzu duk layin sun san yana iya faɗin sunan. Da ya saba faɗinsa tun da can, ina ganin da yaron ya yi magana ranar Juma'a.