Ƙunshin da Ban Kwance Ba

Mahaifina mai kilishi ne a Madawa, kuma da kilishi ya yi mini karatu har na zama malamin lakwal, wato makarantar boko, a Yamai. Tun ranar da na kama ɗaki a unguwar Lamorde, duk ƙarshen wata sai ya ba direban kar, motar haya, ƙunshi a takardar siminti, an ɗaure da zare, ni kuma in je tasha in karɓa. Bayan kwana biyu sai ya kira waya. Ba ya tambayar aiki ko iyali sai ya fara jin yadda labu ya kama nama, wato kwaɓin gyada da kayan yajin da ake tsoma kilishi a ciki. In na ce ya yi daidai, ya ce ban san komai ba. In na ce citta ta yi yawa, ya ce bakina ya lalace da cin shinkafar birni. Mu biyu ba mu iya wata hira ba sai wannan.

Shekara biyu da suka wuce jikina ya fara yi mini tawaye. Ciki ya kumbura, ƙuraje su feso a wuya da hannu, in tsaya gaban ɗalibai ina susa kamar mai ƙazwa. Na sha maganin farmasi, na sha jiƙe-jiƙen maƙwabta, duk a banza. Daga ƙarshe wata likita ta ce mu daina harbi a duhu. Ta rubuta mini abubuwan da zan bari na sati shida: gyada da man gyada, madara, ƙwai, alkama, sukari, dunƙulen magi, da duk abin da ya fito daga gwangwani. Bayan nan a dawo da su ɗaya-ɗaya a ga wanda jikin ya ƙi. Ta ja kunnena cewa ko loma ɗaya na ci cikin kuskure, lissafi ya koma ranar farko.

Na duba takardar, na tambaye ta to me ya rage. Ta ce gero, ganye, kifi da nama. Na yi murna da jin nama, don ban yi tunani ba tukuna.

Matata ta yi iya ƙoƙarinta a gida. Matsalar tana lakwal, inda nake wuni a ƙetaren gada. Abokan aiki su sayi burodi da ƙosai, ni ina zaune da ruwa. Abin da ya dace da mai wuni a waje shi ne busasshen nama, ga shi ni ɗan mai kilishi ne, amma ba kilishin da zan iya kai wa baki.

Na shiga yawon nema. A wani babban butik na tsaya gaban firiji ina karanta bayan leda da Faransanci kamar mai shirin jarrabawa. Wanda ba na alade ba, akwai sukari a ciki, ko garin madara, ko wasu sunaye da lambobi da ko ni malami ban san su ba. Na koma wajen masu kilishi a Maourey. Ja da fari duk labu ne, ban ma tsaya ba. Saura rumuzu, wanda ba a tsoma shi a gyada. Amma tambayar mai kilishi abin da ya sa a namansa kamar tambayarsa abin da ke aljihunsa ne. Ɗaya ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, “Malam, saye za ka yi ko koyo?” Wani dattijo ya rantse mini gishiri ne da yaji kawai. Na saya, na ci kwana uku da farin ciki, a na huɗu wuyana ya tashi. Da na koma, ya ce ai kowa ya san ana shafa wa rumuzu man gyada kafin a ɗora a wuta, in ba haka ba ya ƙone. Bai yi mini ƙarya ba a ganinsa. Ni ne abin haushi, da na tashi ina ganin ana shafawar nan tun ina rarrafe, kwaɗayi ya mantar da ni.

Sati uku suka tafi haka nan. Na koma ranar farko.

A lokacin ne na gaya wa Baba. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na ce likita na zargin gyada. Ya yi dariya har da tari.

“Gyaɗa? Mi gyaɗa ta yi maka? Da ita munka yaye ka.”

Na ce gwaji ne kawai, na ɗan lokaci. Ya ce likitocin Yamai ba su da aikin yi, ya miƙa wa Inna wayar. Na ajiye a raina cewa maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Ƙarshen wata ƙunshi ya iso kamar kullum. A sati na huɗu nake na zagaye na biyu, na rame, na gaji, na fara jin haushin duk wanda na gani yana tauna. Na ɗaura ƙunshin a bayan moto, wato babur ɗina, ƙanshin hayaƙi na bina har na haye gada. Na san halina. In na kwance zaren nan zan ce ɗan gefe kawai, kuma ba zan tsaya a gefe ba. Ko gida ban shiga da shi ba. Na miƙa wa maƙwabcina, wani tela ɗan Damagaram, na ce tsaraba ce daga gida, a ci da iyali.

Bayan kwana biyu Baba ya kira.

“Ya iso?”

“Ya iso, Baba.”

“To, ƙaƙa ka ji shi?”

Da na faɗi gaskiya da an wuce wurin. Amma shekara goma sha wani abu ban taɓa ce masa ban ci ba, kuma ban san abin da za mu ce wa juna ba in babu wannan. Sai na ce labun ya kama sosai, har na ƙara da cewa citta ta ɗan yi yawa, don ya samu abin zagina.

Bai zage ni ba. Na ji kukan akuya a bayansa, na ji Inna na tambayar ko ni ne.

“Wanga babu labu jikinai,” in ji shi. “Sabuwar tabarma na sawo na shanya shi, don tsohuwar ta sha gyaɗa. Uwarka kwana biyu tana dakan riɗi ta matso mai. Gishiri na da citta, sai man riɗi.”

Ya ce Allah shi ƙara sauƙi, ya kashe.

Na fita ko takalmi ban sa daidai ba. Tela na kan keken ɗinki. Ya ce sun gode ƙwarai, sun cinye tun jiya, sai dai in ba zan ji haushi ba, wannan karon tsoho ya yi rowar labu. Takardar ma an hura wuta da ita.

Na cika sati shida. Aka dawo da madara, lafiya lau. Ƙwai da alkama ma haka. Ranar da aka dawo da gyada, kafin la'asar leɓena ya kumbura, likita ta ce ni da gyada mun rabu har abada. Fatata ta washe, cikina ya kwanta, mutane na ta yi mini barka, ni kuwa ban ji daɗin komai ba.

Na ba Baba haƙuri sau biyu. Ya ce ba komai, kuma na san ba ya riƙo. Na roƙe shi ya sake yi mini irin wancan, ya ce in zafi ya shigo za a gani. Zafi ya shigo sau biyu ke nan. Inna ta ce sabuwar tabarmar tana rataye a zaure, bai haɗa ta da sauran ba, bai kuma sake shanya komai a kanta ba.

Ƙunshi ya daina zuwa, amma har yanzu yana kira ƙarshen wata. Ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya tambayi jiki, in ce da sauƙi. Sai mu yi shiru, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa, har ya ce bari ya ba ni Inna.